Bazarar da Ɗiyata Ta Manta da Ni

Saura 'yan kwanaki in tafi Sakkwato in zauna jarrabawar ƙarshe, ga ni a Illela zafi ya hana ni sakat. Bazarar bana ta zo da mugun nufi. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, kaji sun buɗe baki sun saki fukafukai a gindin randa. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, sai iska ta zo ta watsar da shi. Ni kuwa ina rumfa da littafi a cinya, tsohuwa da furfurata, ina bin layi da yatsa.

Sai da na ga jikokina sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mata suka yi ta dariya, wai mi zan yi da boko, ko kabari zan kai shi. Na ce musu ko ba komai in iya karanta sunan maganin da ake ɗura mini. Da na iya, aka sa ni cikin waɗanda ake koya wa aikin koyar da mata renon yara, kuma shi ne karatun da zan gama yanzu. Takardar da ta fi ba ni wuya, ita ce kuma ta fi ba ni sha'awa: yadda hankalin yaro ke girma. Na haifa, na karɓi haihuwa, na wanke jarirai ba adadi, amma ban taɓa zama na tambayi kaina abin da ke cikin kan jinjiri ba. Mu dai in ya yi kuka a ba shi nono, in jikinsa ya yi zafi a ba shi jiƙo.

Jiya ina bita na sake isowa wani babi. An ce jariri ɗan watanni kaɗan, in ka rufe abu a gabansa, a wurinsa abin ya bar duniya ke nan, ba zai neme shi ba. Sai ya doshi shekara sannan ya gane cewa abin da aka rufe yana nan ƙarƙashin murfi. Na karanta, na sake karantawa. Sai na ga littafin ya sauka daga cinyata, zafin nan ya mai da ni wata bazara da ta fi wannan.

Lokacin Nasara bai daɗe da cin Sakkwato ba. Ina yarinya aka zo aka kafa wasu duwatsu arewa da gari, aka ce nan Ingilishi, can Faransa. Mu dai mun ga gonar kawuna ta koma wata ƙasa, shi kuwa bai fasa zuwa nomanta ba. Illela ba ta wuce 'yan gidaje da kasuwa da rijiyoyi ba. Maigidana falke ne mai jakuna, ya kai goro da zannuwa Ƙonni, ya komo da kanwa da gishiri. Ɗiyata guda a lokacin, Kulu. Ta shekara da 'yan watanni, ta fara takawa tana dafa darni.

Yanzu na rubuta sunan nan da hannuna, amma a wancan zamani bakina bai taɓa furta shi ba, don ita ce ta fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane. Shayarwa ma sai a ɗaki. In an tambaye ki lafiyarsa, ki yi kamar ba da ke ake ba. Ni an san ni da baki tun ina gidanmu, ba na barin ko ta kwana, amma a kan wannan yarinya bebiya ce ni. "Waccan" nake ce mata. Uwar maigidana, wadda muke kira Inna, ita ke goyonta, ita ke yi mata waƙa.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke, gero na tsakiyar fitar da kai. Abin da muka girbe bai kai mu ƙarshen rani ba. Da bazara ta kama, rumbu ba komai sai ƙura da kashin ɓera. Inna ta zuba irin shuka a tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta binne ƙarƙashin gadonta. Ta ce duk wanda ya taɓa shi, ita da shi har gaban Allah. Maigidana ya bi ayari kudu neman hatsi, ya bar mu mata da tsofaffi.

Ga yadda yini yake. Da asuba rijiya. Ruwa ya yi nisa har sai mun ɗaura igiya a kan igiya, guga ya fito da rabin laka, mu zuba a randa mu jira ya kwanta. Kafin rana ta ɗaga mu kama hanyar Garu, mata a jere da ƙore a ka, mu shiga daji ɗiban anza. Wanda bai ci anza ba ya gode wa Allah. 'Ya'yan wani ɗan itace ne, kamar wake, ɗacinsu ya fi maɗaci. Sai an jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, ga ruwan kansa da ƙyar ake samu. Sannan a dafa da kanwa, gida ya ɗauki wani wari kamar na tsohuwar fata. In babu anza, mu share karangiya, mu daka, mu sheƙe, ƙaya ta cika yatsu, a fito da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Wasu na tona gidan tururuwa su kwashe hatsin da ta tara. Na yi, ba sau ɗaya ba. Tururuwa na cizona ina ba ta haƙuri.

Da azahar ba mai motsi. Kowa ya kwanta a inuwa, a ƙasa tsirara don tabarma ma zafi take. Ci sau ɗaya ne, da magariba: anza, ko busasshen ganyen tafasa da 'yar dusa. Mutane na zaton yunwa ciwon ciki ce. Wannan na kwanakin farko ne. Daga baya sanyi ce a gwiwa, da jin maganar wanda ke kusa da kai kamar daga bayan gari take tasowa.

Nonona ya ƙafe. Sai na ga abin mamaki a jikin Kulu. Yarinyar da ke takawa ta koma rarrafe. Daga rarrafe ta koma zama wuri ɗaya. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, 'yan kalmomin da ta fara ta ajiye su, har kuka ta daina. Kamar mai warware saƙa, abin da ta koya daga baya shi ta fara saki. Yanzu na ga an rubuta irin wannan a littafi, an ce yaro in wahala ta yi masa yawa yakan koma baya. Ni a lokacin ta wutsiyar ido nake kallo, don ba ni da damar in zauna in ƙura mata ido.

Akwai wata Bafulatana, Hajo, da ke kawo mana nono tun kafin a kawo ni gidan. Kowace kaka danginta ke sauka a gonarmu, shanunsu su ci kara su bar mana taki. A bazarar nan suna wajen Tozai, gefen wata fadama da ba ta gama bushewa ba, kuma suna da 'yan shanu da awaki masu ɗan ruwan nono. Wata rana ta shigo da ƙwaryarta kusan wofi. Ta dubi Kulu, ta dubi Inna.

Inna ta ce, "Hajo, ki tahi da wagga yarinya. In ta zamna nan, ƙasa za mu ba."

Hajo ta ce, "Uwar ta yarda?"

"Wace uwa? Ɗiyar fari ta. Tambaye ta ki ji in tana da baki."

Ina bakin murhu na ba su baya, ina sauya wa anza ruwa. Ban juyo ba. Na ji Hajo ta ɗaura ta a baya, na ji tafiyarta har ta fita zaure. Ruwan da nake tsiyayewa na ci gaba da tsiyaye shi har ya ƙare.

Ruwan sama ya yi jinkiri. Maza suka fita roƙon ruwa har goshinsu ya yi tabo a rairayi mai zafi. Ranar da ya sauko kuwa, da rana tsaka ne. Iska ta fara, sannan ɗigo manya manya, ƙasa ta saki ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Yara suka fita tsirara, mu muka jera duk abin da ke da baki a tsakar gida. Inna ta tono tulunta ta fasa lakar da dutsen niƙa. Kashegari gari duka yana gona. Tsofaffin maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Hannu na riƙe da gero, ciki na kuka, amma ban ga wadda ta kai ƙwaya ɗaya baki ba, don kowace ta san ana kallonta. Mu gama gonar wannan mu shiga ta wancan. Gayya ce ba tuwo, sai ruwan tsamiya a tulu.

Abin da ba a faɗa wa yaran yanzu shi ne, yunwa ta fi zafi bayan an yi shuka. Duniya ta yi kore shar, ga gero na tashi, ga noma na jiran ƙarfi, abinci kuwa babu sai ganye. Tafasa ɗanya, rama, yaɗiya, mu dafa mu ci har bayan gidanmu ya koma kore. Ba ni da ƙarfin zuwa Tozai, in ma ina da shi, da wane ido zan ce na tafi ganin ɗiyar fari? Labari dai ke zuwa a bakin masu tallan nono. Su ce wa Inna, "Yarinyarku ta miƙe, har gudu take." In yi kamar ban ji ba, in zaga bayan rumbu in tsaya in maimaita wa kaina maganar.

Sannan tumu ya nuna. Zangarniyar farko da muka gasa, Inna ta murje ta a faifai ta raba mana, muka ci muna hawaye ba mai kallon wani. Maigidana ya komo a rame, jakinsa guda ya mutu a hanya. Aka yi girbi. Fulani suka sauko gonarmu kamar kullum, suka kafa bukkoki a tsakiyar kara.

Na ɗebi gero a ƙwarya na ce zan je musayar nono. Inna ta dube ni ta ce, "Yau kuma ke ka zuwa sayen nono?" Na ce ƙafata ce ke son miƙewa.

Daga nesa na hango ta. An yi mata kitson Fulani, an sa mata duwatsun tsakiya a wuya, ta yi kumatu, tana bin wani ɗan maraƙi da kara a hannu. Na tsaya. Ta juyo ta gan ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa kamar yadda ake duban baƙon kare, sai ta ƙwala ihu ta ruga ta shige bayan Hajo, tana wata magana da Fulatanci.

Wannan wurin ne ya hana ni wuce babin jiya. In littafi ya yi gaskiya, lokacin da aka tafi da ita ta riga ta san abin da aka rufe yana nan. To ni ina ta ajiye ni? Ta san ina nan wani wuri, ƙarƙashin wani murfi, tana jiran a ɗaga? Hajo ta faɗa mini kwanakin farko ba ta da aiki sai kallon hanya, ko an ba ta nono sai ta sha tana waiwaye. Daga baya ta daina. Shin mantawa ta yi, ko fushi ta yi? Kuma wa take nema a hanyar, ni da ke ba ta nono a ɓoye, ko Inna da ke goyonta? Na taɓa kai wa malamarmu wannan tambaya a aji. Yarinya ce, sa'ar jikata, amma ba ta da ƙarya. Ta ce, "Gwaggo, masu littafin nan ma kallon yaran suka yi, ba yaron da ya buɗe baki ya faɗa musu." Na ce to ashe ni da su duk a bakin ƙofa muke tsaye.

Ranar nan da na koma gida daga wurin su Hajo, na tarar magana ta riga ni. Inna ta ce a bar wa Hajo yarinyar. "Ɗiyar fari ai ta bayarwa ta. Ni ma tawa gwaggota ta riƙe ta har aure. Ita ta raya ta, ita ta sani, mi za a raba su?" Ba mugunta take ba, haka ake yi. Hajo kuma ba ta da ɗiya mace, ko makaho ya ji yadda take kiran yarinyar ya san tana so. In kara ya ƙare a gona za su tashi su yi kudu neman ruwa, kuma ba mai cewa ga shekarar da za su komo.

Sai na zama mai son nono. Kullum da hantsi ina ruga. In zauna in taya Hajo kaɗa nono a fitar da mai, in daka mata gero ta yi dawo. Ba na kallon Kulu, ba na kiranta, wannan kam kunya ta riga ta koya mini. Abin mamaki, rashin kallon ne ya jawo ta. Duk wanda ya miƙa mata hannu sai ta gudu, ni da na ba ta gefe sai ta riƙa matsowa. Yau tana bayan bukka, gobe tana gindin turmi. Wata rana na gutsuri dawo na ajiye a ƙasa kusa da ni, na kife faifai a kai, na ci gaba da daka. Ta daɗe tana kallo. Ta zo ta ɗaga ta ɗauka ta ruga. Kashegari na sake. Ana nan sai ga ta da wani ɗan tsakuwa, ta sa ƙarƙashin faifan da kanta, ta ja baya ta tsaya tana kallona. Na miƙa hannu ba tare da na juyo ba, na ɗaga. Ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa.

Hajo ta ce, "Ku dai wasa kuke kamar ɓarayi."

Kara ya ƙare. Ranar tashi aka ɗaure wa takarkarai ƙore da tabarmi, Hajo ta shigo yin sallama da Kulu a bayanta. Maigidana na zaure, shi ma ɗiyar fari ce a wurinsa, ya duƙar da kai yana gyaran igiyar jaki kamar ba a gidansa ake ba. Inna ta sa musu albarka ta ce Allah ya kai lafiya.

Na ji bakina ya ce, "Inna, a bar ta."

Inna ta juyo.

"Mi kinka ce?"

"Na ce a bar ta."

"A bar wa?"

"Wadda kika sani."

Inna ta tafa hannu. "Yau na ga ta kaina. Ke, ba ki da kunya? Gaban baƙuwa?"

Na ce, "Ina da ita, Inna. Ita ta hana ni magana ran da anka tahi da ita. Yau kam ta yi haƙuri."

Hajo ba ta jira a gama ba. Ta kwance goyon tana share ido da gefen mayafi, ta ce ita dai tun ranar da ta ga na fara son nono ta san haka za a yi. Ta ajiye ta ta fita da sauri. Kulu ta bi ta da gudu, na cafke ta, ta gartsa mini cizo a hannu har jini ya fito.

Kada wani ya ce daga nan sai daɗi. Ta ƙi ni, ta ƙi Inna. Tuwo ta tofar, sai fura kawai. Yini take a bakin zaure, in shanun gari sun komo da yamma ta miƙe tana leƙa tsakaninsu. Ta yi magana ba mai fahimta, ta yi kuka ba mai iya rarrashi. Faifan ma da na kife mata ta sa ƙafa ta ture. Inna takan ce, "Ga ta nan, kin raba ta da uwarta, sai ki dafa ki ci." Ni kaina na fara tambayar masu zuwa kasuwa ko sun san inda su Hajo suka sauka, don in abin ya ƙi in mai da ita. Na yi ta tunani, wataƙila abin da na karɓo jikin ne kawai, yarinyar tana can bayan shanu.

Wata ranar kasuwa matan maƙwabta suka taru a gidanmu muna sussuka, turame a jere, ƙaiƙayi na tashi. Kulu na wurin zamanta a bakin zaure. Sai ga Buzaye sun kawo wa maigidana gishiri. Suka durƙusar da wani ƙaton raƙumi daidai ƙofa, shi kuwa ya wage baki ya saki wata ƙara da ta sa kaji suka watse.

Na ga ta taso a guje. Inna ce mafi kusa, har ta duƙa ta buɗe hannu. Ta wuce ta. Ta ratsa tsakanin turame, ta kauce wa matar maƙwabcinmu da ta so tare ta, ta zo ta bugi ƙafafuna, ta cusa kai cikin zanena ta ƙanƙame gwiwata da hannu biyu.

Tabare duk suka tsaya. Tawa na sama, na rasa inda zan sauke ta. Mata sun zuba mini ido suna jiran su ga abin da marar kunya za ta yi.

Inna ta miƙe a hankali tana kaɗe zane. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, sannan ta juya wajen matan.

"Ku kuma mi kuke kallo? Hatsin ya sussuku? Ku duƙa ga aikinku."

Tabare suka ci gaba. Na jingine tawa a turmi, na sunkuya na ɗauke ta. Zuciyarta na bugun ƙirjina kamar ta ɗan tsuntsu, kanta kuwa har lokacin ƙamshin man shanu yake.